Gumi ne ke kayar da mutum a kan tsauni, ba sanyin kaɗai ba

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na ga tambayarka tun daren jiya, na bari sai da na samu sukuni don in ba ka amsa a tsanake. Ka ce kana karatu a Landan, kai da abokan karatunka za ku je bikin kiɗa na Tomorrowland Winter a Alpe d'Huez, wani gari a kan tsaunukan Alps na Faransa, cikin watan Maris, ba ka taɓa taka dusar ƙanƙara ta tsauni ba, kuma abin da kake da shi babbar jaket ce mai kauri da wandunan jins da kambas. Kana tambaya ko sun isa. Gaskiya ba su isa ba, kuma ba a kaurin jaket ɗin matsalar take ba.

Ni ɗan Damagaram ne, na haura shekara goma a Grenoble, garin da ke gindin waɗannan tsaunuka, tafiyar kilomita 60 da ɗoriya daga wurin bikin. Na je kallo a 2019, shekarar da masu shirya babban bikin Tomorrowland na ƙasar Beljiyam suka fara yin na lokacin sanyi a nan Faransa. A 2020 da 2021 annobar korona ta hana a yi. A 2022 da 2023 kuwa aiki na kama a wani shagon abinci a garin bikin duk tsawon makon, don haka na ga masu shiga da fita iri-iri, na kuma ga waɗanda sanyi ya yi wa illa.

Ka fara sanin inda za ka. Garin Alpe d'Huez yana kan tsayin mita 1,860. Daga Bourg d'Oisans, garin da ke gindin tsaunin, mota za ta hau da ku ta kwanonin hanya 21, waɗannan da masu tseren keke na Tour de France ke hawa da rani. Ƙololuwar da ake kira Pic Blanc kuma ta kai mita 3,330. A ƙa'ida, duk hawan mita 1,000 zafin iska na raguwa da kusan digiri 6 da rabi. Ke nan in ka sauka Grenoble ka ji garin da daɗi, ka cire wajen digiri 10 kafin ka san yadda garin bikin yake, ka sake cire kusan wasu 10 in za ka hau can ƙololuwa. Ba a ma sa iska a lissafi ba. Wasu dandalin kiɗan a cikin gari suke, wasu kuma a saman tsauni, sai an hau motar igiya ake kai musu. Da rana, in gari ya waye tas, za ka iya jin zafi har ka buɗe zif. Rana na faɗuwa bayan duwatsu sai wurin ya juye kamar ba shi ba.

Mu da muka taso da hunturu, dabararmu ɗaya ce: riga kan riga, a lulluɓa da mayafi, a matsa bakin wuta, hantsi na yi an warke. Sanyinmu busasshe ne, kuma a zaune muke jure shi. A can kuwa cikin yini ɗaya za ka shiga zafi ka fita sanyi ya fi sau goma. Kana cikin cunkoson dubban mutane kana tsalle, gumi na karyo maka. Minti biyar bayan nan kana tsaye a layi kan ƙanƙara, iska na kaɗawa.

Abin da ya same ni ke nan a 2019. Na sa singileti, na ɗora riga mai gajeren hannu, na ɗora suwaita, dukansu na auduga, sannan na rufe da jaket irin taka. Ina cikin taro ban ji komai ba sai ɗumi. Da aka tashi cikin dare muka fito jiran mota, ko rabin awa ba mu yi ba na fara kyarma, haƙorana na haɗuwa. Na zo jan zif, yatsuna suka ƙi kamawa. Abokina ya ce maganata ta fara sarƙewa, shi ne ya ja ni cikin wani gini mai ɗumi. Wata dattijuwa da ke aiki a wurin ta taɓa bayana ta ce in cire duk abin da ke ƙarƙashin jaket ɗin nan take. Singiletin nan kamar an tsamo shi daga randa. Ta ba ni busasshiyar riga da shayi mai sukari, sai da na yi kusan awa ɗaya kafin na dawo daidai. Har yau ina yi wa matar nan fatan alheri.

Dalilin shi ne auduga tana shan ruwa ta riƙe, ba ta saki. Ruwa kuma yana janye zafin jiki fiye da iska kusan ninki 25. Duk kaurin jaket ɗinka, in abin da ke manne da fatarka jiƙaƙƙe ne, kamar ka ɗaura tsumman sanyi ne ka rufe da bargo. Don haka magana ta farko, wadda in ka manta komai kada ka manta ta: kada auduga ta taɓa fatarka a kan tsaunin nan. Ba singileti, ba gajeren wando na auduga, ba safar auduga.

Abin da za ka sa a jikin fata riga ce mai dogon hannu da dogon wando masu kama jiki, na ulun tumakin merino ko na zaren roba irin na 'yan wasanni. Na roba ya fi araha kuma ya fi saurin bushewa, amma yana saurin wari. Merino ya fi tsada, sai dai ko ya ɗan jiƙe yana riƙe ɗumi, kuma za ka iya maimaita shi kwana biyu ba wanda ya toshe hanci. In aljihu ya ba da dama, merino nake ba ka shawara, ka sayi biyu, ɗaya a jiki ɗaya a shanye. A kansa ka ɗora suwaita mai laushi mai zif, irin wadda Faransawa ke kira polaire. Zif ɗin yana da amfani: da ka ji gumi na shirin zuwa ka buɗe, tun kafin ya zo. A waje kuma jaket da ruwa ba ya ratsawa, iska ba ta shiga, mai hula a haɗe. Ka duba takardar da ke jikinta, in ma'aunin tare ruwan da aka rubuta ya kai 10,000 mm ko sama da haka ta wadatar. Jaket ɗinka ta Landan, in irin mai cike da gashin tsuntsu ce, tana da ɗumi amma da ta jiƙe ta mutu. Ka taho da ita don yawon dare a gari, kada ka dogara da ita a sama.

Jins ka bar shi a masauki. Auduga ne shi ma, iska na ratsa shi, in ka zauna a ƙanƙara sau ɗaya ya jiƙe, kuma zai iya sandarewa a jikinka. Wandon masu wasan zamiya a kan ƙanƙara za ka nema.

Yanzu ƙafa, don a nan na ga mutane sun fi shan wahala. Masu zamiya motsi suke yi, kai kuwa tsayuwa za ka yi awa uku, awa huɗu a kan daskararriyar ƙasa, kuma sanyin ta tafin takalmi yake hawowa. Kambas ba shi da kaurin da zai tare shi, ga shi da rana dusar na narkewa ta zama caɓi, ruwan ya shige ciki. Ka nemi takalmin ƙanƙara mai dogon wuya, mai kaurin tafi da zane mai kama ƙasa, wanda ruwa ba ya shiga. Ka ɗauki wanda ya ɗara ƙafarka da lamba ɗaya. Kuskuren da 'yan'uwanmu ke yawan yi shi ne su jera safa uku su cusa ƙafa da ƙyar, suna ganin sun yi dabara. Takalmi in ya matse, jini ba ya zagayawa, ƙafar ta fi saurin ƙanƙarewa. Safar ulu ɗaya mai kauri, yatsu suna motsi a ciki, ta fi uku a matse. Ka sa wata busasshiya a jaka. Da dare kuma caɓin rana yana sake daskarewa ya zama santsi kamar gilashi, musamman a matakala da gangara. Akwai wata roba mai ƙusoshi da ake ɗaurawa a ƙasan takalmi, ba ta da tsada, ta cece ni ba sau ɗaya ba. Ka riƙa takawa gajere-gajere, kuma ka fitar da hannuwanka daga aljihu, don in ka zame ka samu abin tarewa.

Safar hannu, wadda yatsu huɗu ke zama wuri ɗaya ta fi mai rarrabe yatsu ɗumi. Ka sa siririya a ciki saboda lokacin da za ka cire babbar ka taɓa waya. Ana sayar da wasu ƙananan ƙunshi masu garin ƙarfe a ciki, da ka yage ledar iska ta shiga sai su ɗauki ɗumi na awoyi. Ka jefa ɗaya cikin kowace safar hannu. Hular ulu mai rufe kunne dole ce, da abin wuya da za ka iya jawowa har hanci.

Akwai abin da na san za ka yi wa dariya, amma ka saurare ni: rana. Mu baƙaƙe muna ganin ranar Turai ba ta isa ta yi mana komai ba, mu da muka sha ta watan Afrilu a gida. A kan tsauni lissafin daban ne. Hasken nan mai ƙona fata yana ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin ɗari a duk mita 1,000, sabuwar dusar ƙanƙara kuma tana maido da har kashi 80 cikin ɗari nasa sama, ya bugi fuska ta ƙasa. Fatarmu tana da kariya, ba a musu, amma ido ba ruwansa da launin fata. Na ga wani yaro ɗan Kamaru da muka yi aiki tare ya wuni a sama ba tabarau, cikin dare ya farka idanunsa kamar an zuba yashi, hawaye na zuba, kwana biyu bai iya kallon haske ba. Ka sayi tabarau mai lamba 3 ko 4, lambar tana rubuce a jikinsa. Mai lamba 4 ba a tuƙi da shi. Ka shafa man kariyar rana a hanci da kumatu da leɓe. Man kaɗanya ka taho da shi, yana maganin kaushi da fashewar leɓe sosai da dare, amma ba ya tare rana, ba ya kuma hana sanyi cin fata.

Tunda na ambaci cin fata, ka san alamarsa a jikinmu. Bayanan da za ka gani galibi suna cewa fata za ta yi ja sannan ta yi fari. A baƙar fata toka-toka take yi, wurin ya yi tauri, ya daina jin taɓi: kan yatsa, gefen kunne, kan hanci. In haka ta faru ka shiga ciki, ka ɗumama wurin a hankali da ruwa mai ɗumin jiki ko ka sa hannun a hammata. Kada ka murza, kada ka kanga a wuta ko na'urar ɗumama ɗaki, don fatar da ba ta ji za ta ƙone ba ka sani ba. In kuwa ka ga abokinka yana kyarma ba tsayawa, magana na sarƙewa, yana tangaɗi ko yana cewa barci yake ji, kada ka bar shi ya zauna a waje. Ka kai shi wurin masu agajin gaggawa na bikin, ko ka kira 112, lambar agajin gaggawa ta Turai. Cikin abokanka in akwai masu shan giya ka sa musu ido na musamman, don giya tana sa mutum ya ji ɗumi alhali zafin jikinsa fita yake yi.

Ka sha ruwa ko ba ka jin ƙishi, iskar sama busasshiya ce kuma ba ta da yawa, ciwon kan ranar farko sau da yawa daga nan yake. Ka ci abinci mai nauyi kafin ka fita. Waya ka sa ta a aljihun ciki kusa da ƙirji, sanyi na shanye batir cikin ɗan lokaci.

Batun sallah, ka yi alwala a masauki da ruwan ɗumi, ka goge ƙafa ta bushe ƙarau har tsakanin yatsu kafin ka sa safa. Ni huffin fata nake sawa bayan alwala don in samu damar shafa a kai, amma ka tambayi malaminka sharuɗɗan, da hukuncin matafiyi.

Za ka ga mutane cikin kayan ado kala-kala, wasu da tutocin ƙasashensu. In kana son ka fito da namu, ba laifi, na taɓa ɗora kaftanin shadda a kan kayan sanyina kuma ya yi kyau. A sama dai za ka ɗora shi, kuma hular kube ba ta rufe kunne, ka bar ta wa hoto. In akwai 'yan'uwa mata a tafiyar, su guji abaya mai jan ƙasa, bakinta zai sha caɓi ya daskare. Doguwar jaket har gwiwa a kan wandon zamiya ta fi, da ɗankwali na ulu ko na zaren roba a ƙarƙashin hula.

Kada ka bari sai ka iso ka yi sayayya, komai a Alpe d'Huez da tsada a makon bikin. Decathlon, masu sayar da kayan wasanni, na da shago a Landan, kayan ciki da safa ka saya sababbi a can. Jaket da wando ka duba gwanjo a manhajar Vinted, masu zuwa zamiya sau ɗaya su sayar suna da yawa. Takalmin ka fara yawo da shi mako guda kafin tafiya don ya saba da ƙafarka. Ina da wandon zamiya guda da ba na sawa da takalmi lamba 43. In sun yi maka, ka sanar da ni ranar da za ku sauka Grenoble, in kawo maka tashar jirgin ƙasa kafin ku hau mota. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.