Amsa ga malamin da ya yi tambaya kan dalar Giza

Malam, da na karanta tambayarka sai da gabana ya faɗi, domin abin da ya same ka shi ya taɓa samuna. Ka ce ka gaya wa ɗalibanka babbar dalar Giza ita ce cibiyar doron ƙasa, kuma lambar wurinta a taswira, wato digirin nisanta arewa da layin ikweta, daidai take da gudun haske, sai wani yaro ya musa maka a gaban aji. Allah ya huci zuciyarka.

Ni a can Masar na kwaso tawa. Ina karatu a Alkahira kawuna ya zo ganin likita, na raka shi Giza. Wani mai raƙumi ya tsayar da mu a gindin babbar dalar, wato ta Fir'auna Kufu, ya karɓi wayata ya nuna mana 29.979 a taswira, ya ce ga gudun haske nan, mita 299,792,458 a daƙiƙa, wai Fir'auna ya san shi tun shekara 4,500 da suka wuce. Kawu har da kabbara, muka ƙara masa kuɗi.

Da na dawo gida na baje wannan labari a majalisarmu bayan Magariba. Wani dattijo, tsohon ma'aikacin safiyo, ya bar ni har na kai aya, sannan ya ce, "Yaro, da mita Fir'auna yake awo?" Wuri ya yi tsit. Bai tsaya nan ba, sai ya ce kuɗin da aka kashe a karatuna an zuba a rijiya, kuma a gaban surukina ya faɗa. Shayin da ke hannuna har ya huce ban kai shi baki ba. Wata biyu ban sake taka wurin ba. Gaskiya ya faɗa, ban musa ba, amma da ya ja ni gefe me zai rage shi? Har yau in na tuna sai na ji zafin abin.

Bayan nan na zauna na bincika da kaina. Mita dai Faransawa suka ƙirƙiro ta a shekarun 1790, Masarawan dā kuwa da kamu suke awo. Sannan kowane gefe na dalar mita 230 ne, in ka ɗan matsa kudu ko arewa lambar ta canja, kowa sai ya tsaya inda ta yi masa daɗi. Layin wannan lambar a taswira kuma ya ratsa Libiya da Aljeriya da Saudiyya har Amurka.

Maganar cibiya wani masanin taurari na Sikotlan, Charles Piazzi Smyth, ya yaɗa ta a littafinsa na 1864. Da aka yi lissafin cibiyar doron ƙasa da kwamfuta a 1973, a Turkiyya wurin ya faɗa.

Amma kada ka zubar da komai. Fuskokin dalar huɗu sun kalli arewa, kudu, gabas da yamma, kuskuren bai kai kashi ɗaya cikin goma na digiri ba. Wannan gaskiya ne, an auna. Ka buɗe Google Earth a gaban yaran su gani da idonsu. Kada dai ka dogara da kamfas ɗin waya, arewarsa tana kaucewa da 'yan digiri.

Yaron nan kuma don Allah kada ka riƙe shi a zuci. Ka kira shi gaban aji ka ce shi ke da gaskiya, ka sa masa albarka. Abin da na so a yi mini ke nan ban samu ba.

In Allah ya kai ka Giza, kada ka hau raƙumin kowa sai kun gama ciniki har da kuɗin sauka, kuma kada ka miƙa wa kowa wayarka.