Amsar Yaya kan maida makullin mota mai naɗewa

Wannan muryar da Yaya ya turo ce jiya bayan Isha, na rubuta ta saboda masu cewa ba su da data. Auta ne ya tambaya ko zai iya maida makullin Camry ɗinshi ta 2008 irin mai naɗewar nan da ake danna maɓalli ƙarfen ya fito, kuma nawa zai kashe.

Assalamu alaikum jama'ar gida. Auta na ji saƙonka tun la'asar, ina hanya ne shi ya sa. To kai dai abin da kake tambaya ba wai ko zai yiwu ba ne, ka san zai yiwu tunda ka gani hannun abokanka, abin da kake son ji shi ne in ce maka je ka yi ba abin da zai faru. To ba zan ce ba sai ka faɗa mani makulli nawa gare ka. In guda ne, wanda dai na san ka da shi ɗin nan mai naɗe da salatif, to kada ka bari kowa ya sa mashi sukundireba tukuna. Ka ji ni ko.

Bari in yi maka dalla dalla don ku yara kun ɗauka makulli ƙarfe ne kawai. Abu ukku ne cikin wannan baƙin kan da kake riƙewa. Akwai ƙarfen da aka yanka, shi ke juya suwic. Akwai fanel ɗin rimot mai batir, shi ke buɗe ƙofa da but. Sannan akwai wani ɗan mitsitsin abu, cif, wani baƙi ne kamar gutsuren gawayi wani kuma gilashi ne dogo kamar ƙwayar shinkafa, shi ba ya ma amfani da batir, akwai waya da aka naɗe zagaye da bakin suwic ita ke ba shi wuta in ka zura makulli, sai ya faɗa ma motar lambar shi, in ta gane shi ta tashi in ba ta gane shi ba ka yi ta kik har batir ya mutu. Shi ya sa ko batirin rimot ya ƙare mota na tashi. To shi mai naɗewar da kake sha'awa kesin ne kawai, fanko, roba da sifirin da ƙarfen da ba a yanka ba. Aikin duka shi ne a kwashe kayan cikin tsohon a zuba ma sabon, a yanka sabon ƙarfe daidai da naka. Shi ke nan fa. Amma wajen kwashewar nan ne ake kuka.

Ka duba jikin ƙarfen makullinka can sama kusa da robar. Toyota suna buga alama a nan, ko ɗigo guda kamar an sa ƙusa an dangwala, ko harafin G, ko H. Taka ta 2008 ɗigo za ka gani, G ɗin daga wajen 2010 suka fara, H kuma na baya bayan nan ne. Kuma ba sa shiga ma juna, cif ɗin G ba zai tada mota mai ɗigo ba ko da ƙarfen ya juya lafiya lau. Na faɗi wannan ne saboda wani zai ce maka kawo in saida maka cikakke da cif ɗinshi a ciki, to tambaye shi wane iri ne, in ya tsaya yana sosa ƙeya ka kama gabanka.

Ni abin da ya same ni, kuma wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake, lokacin ina da EOD ɗin nan, Honda Accord 2005 ruwan toka, kun san ta ai. Makullin Honda na wannan zamanin duk mai ita ya san ciwon, robar na tsagewa daidai wuyan inda ƙarfen ya shiga, ɗan sukuru guda ne ke riƙe da komai. Nawa ya tsage na ɗaure da zare na sa sufa gulu har ya zama abin kunya in fiddo shi gaban mutane. Sai na je wajen wani mai yankan makulli nan cikin gari, ba zan faɗi wurin ba don yana nan har yanzu kuma muna gaisawa, ya ce Alhaji ai kawo in maida maka shi na zamani. Na ce to. Ya buɗe, ya ciro fanel ya sa a sabon gida, ya ɗora ƙarfe a inji ya yanka, ya danna maɓalli ƙarfe ya yi tsalle ya fito ƙyas, na ji daɗi har na ƙara mashi na goro. Na danna rimot mota ta amsa. Na shiga na murɗa, ta yi kik ƙyar ƙyar ƙyar ba ta kama ba. Na sake. Sai ga ɗan koren makullin nan a dashbod yana ta ƙiftawa. Mutumin nan ya leƙo ta taga ya ce mani wai ko famfon mai ne. Famfon mai! Motar da na tuko da ƙafarta minti talatin da suka wuce.

Ranar kuma Juma'a ce, Hajiya da yara sun shirya suna jirana za mu Daura ɗaurin aure, an ce bayan an sauko masallaci za a ɗaura, ga kusan kilomita 80 gabanmu. Sai da na kira wani riwaya abokina ya ce ina tsohon kesin ɗin, na ce ai an yar, ya ce to motarka aka yar. Ashe cif ɗin Honda ɗin nan ba a jikin fanel yake ba, yana wani ɗan lungu cikin robar an rufe shi da ɗan murfi, shi mai yankan bai ma san da shi ba ko kuma ya manta, Allah masani. Yaron shagon kuma ya riga ya share ya kai bola bayan layin. Ni da babbar riga ta shadda sabon ɗinki, da almajirai biyu da na ba naira ɗari ɗari, muna tona shara da tsinke, ɓawon rake ne, ledar fiya wata ce, garin ƙarfe ne, har aka samo rabin robar, rabin da ke da amfanin cikin ikon Allah. Na riƙe ta jikin suwic da hannun hagu na murɗa sabon makullin da dama, mota ta tashi tik ɗaya. Mun isa Daura an watse, sai shinkafa muka tarar ta huce. Kuma abin da ya fi ƙona mani rai bai ce yi haƙuri ba, cewa ya yi ai Honda ce da fitina.

To ina nake... yawwa. Ka ga shi ya sa na ce kada a yar da komai sai mota ta tashi gabanka, ka kashe ka sake tadawa sau ukku, kuma tsohon kesin ɗin ya yi nisa da motar lokacin gwajin, don in yana kusa da suwic zai iya ruɗin ka. A taka akwai ɗan jan haske na sikiyoriti da ke ƙiftawa in mota na kashe, da ka zura makullin da ta sani zai daina. In ka zura sabon ya ci gaba da ƙiftawa to ba sai ka wahal da batir ba. Wasu makullan cif ɗin na haɗe da fanel, da ka ɗauke shi ka ɗauke duka, wasu kuma daban yake an like shi da gam. A buɗe gabanka ka gani da idonka. In na gilashi ne kuma aka sa tsinken ƙarfe aka banƙare shi ya tsage to ya mutu, ba a gyara shi.

Sai maganar ƙarfen. Akwai masu cewa ba sai an yanka sabo ba, a ciro na asalin a goge gindinshi da zarto a huda a soke shi cikin mai naɗewar. Kada ka yarda. A'a tsaya, ba wai ba ya yi ba, na ga wanda aka yi ma ya zauna, amma in aka kuskure hudar nan ka rasa na asali ka rasa sabo, kuma ɗan siririn fin guda ne ke riƙe ƙarfen a irin wannan makullin, kullum kana murɗawa ƙarfin duka a kanshi yake sauka. A yanka sabo, na asalin ka jefa shi durowa. Taka ma mai sauƙi ce, haƙora ne a gefe, TOY43 suke ce ma ƙarfen, kowane inji na yi. Ta Honda ce mai wahala da ake sassaƙa hanya a jikin ƙarfen, sai inji na musamman, kuma suwic ɗin Honda bai da haƙuri ko kaɗan, in yankan ya kauce ya dinga cijewa kenan har wata rana ya ƙi juyawa gaba ɗaya. Kuma ka gwada shi a ƙofar direba ba suwic kaɗai ba, don ranar da batirin mota ya mutu ƙofar za ka nema.

Wani abu kuma, in makullinka ya riga ya sha jiki haƙoran sun lashe, mai kwafi lasasshen zai kwafa maka, har ya ƙara nashi kuskuren a kai. In ka samu mai injin da ke yanka da lamba ya fi.

Na ga ɗan gidan Baba ƙarami ya sa baki yana cewa shi ma zai yi ma Golf 3 ɗinshi ta haya don ya riƙa buɗe ƙofa daga nesa. Kai malam, maɓalli ba ya haifar da rimot. In motarka ba ta zo da abin karɓar saƙon ba ko maɓalli goma ne a makullin ado ne, sai dai riwaya ya sa maka na kasuwa mai zuwa da akwatinshi. Golf 4 ce ta zo da mai naɗewa daga kamfani, da su Peugeot 307, can ne ma mutanenmu suka fara ganin shi suka ƙyasa. Ita Golf 3 ta farko farkon ma ba cif, daga baya aka fara sa masu, a Jamus dai tun 1998 doka ta ce duk sabuwar mota sai da shi. Amurka ba su tilasta ba, shi ya sa za ka ga wata Beljiyam ɗin 'yar Amurka ƙarfe zalla ke tada ta. In kana shakka a yanka maka ƙarfe fanko ka gwada, ta tashi ta zauna to ba cif, ka huta.

Kai kuma Auta ga yadda zan yi in ni ne. Ba zan taɓa na asalin ba sam. Zan je wajen masu kwamfuta, ba masu inji a bakin titi ba, in ce su haɗa mani sabon mai naɗewa cikakke, akwai na kamfanin KeyDiy akwai na kamfanin Xhorse, su sa mashi cif irin na motar, su jona na'ura a soket ɗin nan na ƙarƙashin sitiyari su gabatar da shi ga motar, ko su kwafi lambar tsohon su zuba a sabon. Ka tashi da makulli biyu kenan maimakon guda mai kwalliya. Sai dai ka faɗa masu motar 'yar ina ce, don zangon da rimot ke aika saƙo a kai ya bambanta, na Amurka 315 yake, na Turai 433, in aka saɓa zai yi ta kunna ɗan haskenshi ƙofa ko gezau. Taka da ta shigo ta Kwatano 'yar Amurka ce, na ga mil ne a agogonta. Kuma Toyota na da uban makulli baƙi da ƙaramin mai ruwan toka da ba ya buɗe but, da baƙin ake ƙara wani cikin sauƙi, in shi ya ɓace aikin ya koma na tone tone da kuɗɗi masu ciwo, wani lokacin har sai an kai Kano.

Kuɗɗi kuwa ba zan faɗa maka ba don farashin da na sani na kafin a cire tallafin mai ne, in na faɗa ka je ka yi faɗa da mutane a banza. Kesin fanko dai ba tsada, na kwamfutar ya ninka shi sau da yawa. Amma kesin ɗin ma kala kala ne, ka ɗauka ka ji nauyinshi, ka fiddo ƙarfen ka girgiza, in yana lilo tun yana sabo bar masu kayansu. Na Honda ɗin nan da na sha wahala a kanshi wata huɗu ya yi sifirin ya saki, ƙarfen ya koma reto kamar wuyan kazar da aka yanka, sai da hannu nake jawo shi, ga ƙurar hunturu ta shige maɓallin yana ƙamewa. Daga baya na koyi naɗa sifirin ɗin da kaina, ana murɗa shi zagaye ɗaya ko biyu kafin a rufe, in ka saki ya yi tsalle kuma sai ka nemo shi ƙarƙashin kujera. Kuma don Allah in ka yi kada ka rataya mashi makullan shago da na gida da na babur, shi kanshi ya fi na asalin nauyi, suwic ne ke ɗaukar wahalar a ramukan hanyar nan.

Batirin rimot ɗinka ma CR2016 ne, tunda za a buɗe ka sa sabo gaba ɗaya, ba irin na tire da ke kwana cikin rana ba.

Ka ɗauko hoton makullin gaba da baya ka turo mani, ka matso da kyamara wajen ƙarfen in ga ɗigon. Gobe in Allah ya kai mu ina Ƙofar Ƙaura wajen ƙarfe goma, in ka fito sai mu je tare, amma ba wajen mutumina na famfon mai ba. Ka gaida Inna, ka ce mata maganin nata yana wajena na manta ne a mota.