Amsoshin Tambayoyinku: Gudun Taraktar Yanke Ciyawa, Wuƙar Jabu da Sauransu

Damina ta kankama, ciyawa ta samu yadda take so, shi ya sa tambayoyin wannan makon kusan duk na masu ƙaramar taraktar nan ce da ake hawa a yanke ciyawar fili.

"Ni ke kula da filin ƙwallon wata makaranta a Arkilla. Taraktarmu mai giya shida ce. In yaron ya gama yanka sai ka ga filin awa askin wasa, nan gajere can dogo, ga layi-layin ciyawa tsaye. Shi ya ce shina rage totur don kada mai ya ƙare, ya sa giya ta shida don ya gama da wuri. Sabuwar wuƙa za mu saya ko mi?"

Malam, kada ku sayi komai tukuna. Yaronku ya yi wa abin bai-bai ne. Gudu iri biyu ne a jikin wannan na'ura, kuma kowanne da aikinsa. Akwai gudun inji, wanda totur ke riƙe da shi, shi ne ke juya wuƙaƙe ta hanyar bel. Akwai kuma gudun taya, wanda giya ke riƙe da shi. Na farkon ake ƙurewa, na biyun ake ragewa. Shi kuwa ya rage na ƙurewa, ya ƙure na ragewa.

Duba sandar totur, za ka ga zanen kunkuru a ƙasa da zomo a sama. Duk lokacin da wuƙa ke aiki, sandar nan tana kan zomo, inda injin ke juyi wajen 3,000 zuwa 3,600 a minti ɗaya. A wasu taraktocin cok na gaba da zomon kaɗan, a kula kada a zarce can, in ba haka ba sai baƙin hayaƙi da shan mai. Dalilin ƙure totur shi ne wuƙar ba yanka kaɗai take yi ba. Bayanta a lanƙwashe yake kamar fiffike, yana zuƙo iska ya miƙar da ciyawa tsaye kafin kaifi ya iso. Tayar gaba ta riga ta taka ciyawar ta kwantar da ita, in babu ƙarfin iskar nan, ko kuma an wuce da sauri kafin ta miƙe, sai wuƙa ta bi ta samanta. Bayan awa ɗaya ta tashi abinta. Layi-layin da kake gani ke nan.

Ga lissafin. A gudun kilomita 5 a awa, tarakta na cin mita 83 a minti. Wuƙa mai juyi 3,000 da baki biyu tana sara sau 6,000 a wannan mintin, wato duk sara ɗaya an matsa gaba da abin da bai kai santimita ɗaya da rabi ba. Ka ninka gudun taya, ka rage na inji, tazarar sai ta haura santimita huɗu, ga shi ciyawar da ke shiga ƙarƙashin kaskon wuƙa, wato murfin ƙarfen da wuƙaƙe ke juyawa a cikinsa, ta fi ƙarfin abin da zai iya fitarwa.

Gudun da ya dace shi ne kilomita 5 zuwa 6 a awa in ciyawa ba ta yi yawa ba, wato tafiyar mutum mai sauri, galibi giya ta uku ko ta huɗu, gwargwadon taraktar. In ta yi kauri a sauko ta biyu. Ta biyar da ta shida na komawa ma'ajiya ne, wuƙa a kashe. Tunda waɗannan taraktoci ba su da agogon gudu, auna mita 50 a filin, ka kafa sanda a farko da ƙarshe, ka riƙe waya. Daƙiƙa 36 kilomita 5 ke nan, daƙiƙa 30 kilomita 6, daƙiƙa 45 kilomita 4. In ya iso cikin daƙiƙa 22, sukuwa yake yi. Kunne ma ma'auni ne: da zarar ƙarar injin ta sauka ta koma nishi, a rage giya, totur na nan inda yake. A wurin kwana da inda ƙasa ta yi tudu ko tsohon suri a ƙara sassautawa, don kaskon na karkacewa ya aske ciyawar har ƙasa. Kowane layi kuma ya hau kan na baya da kamar faɗin tafin hannu, santimita 10.

Batun tsimin mai kuwa, na san halin da ake ciki tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, amma wannan tsimin hasara ne. Iska ce ke sanyaya injin nan, fankar kuma tare da shi take juyawa. Ka rage totur ka ɗora masa kaya a garin da zafi ke wuce digiri 40 a bazara, ka ga ana dafa inji ke nan. Batir ma ba ya samun caji sosai. Fili mai mita 105 da 68, da kasko mai faɗin inci 42, bai kai awa biyu cikakku ba a gudun kilomita 5 a awa. Sukuwar ba ta rage masa abin da ya wuce minti 40, sannan a dawo a sake bin filin.

In kun gyara gudu amma yankan na fitowa hawa-hawa kamar matakala, duba iskar taya. Mai faci ya saba da mota, zai dura mata 30 ko fiye, alhali yawancinsu 14 suke so a gaba, 10 a baya. A duba littafin, a auna da geji. Sannan a tsayar da ita kan siminti mai daidai, a zare makulli, a auna daga bakin wuƙa zuwa ƙasa. Hagu da dama kada su saɓa da fiye da milimita 3, gaba kuma ya fi baya sauka da milimita 3 zuwa 6.

"Bakanike ya ce zai taɓa min gwamnan injin ta ƙara gudu. In bari?" Daga Mabera.

A'a. Gwamna shi ne ke hana injin wuce iyakar juyinsa. Ƙarfe mai tsawon inci 21 ne ke juyawa ƙarƙashin ƙafarka, kuma a Amurka, inda ake ƙera yawancinsu, ƙa'ida ta hana bakin wuƙa wuce ƙafa 19,000 a minti. Injinka na dab da wannan iyaka tun daga kamfani. Kana neman a wuce ta don me, tseren Dakar za ka shiga? Ka canza bakanike.

"Baba, ni ke yi wa wani maigida aikin lambu. Kwana biyu bayan na yanka sai saman ciyawar ya yi fari-fari kamar ta ƙone. Ina tafiya sannu, ina ba ta ruwa. Maigida ya fara magana, ina tsoron aikina. Wuƙar ma sabuwa ce, wata ɗaya da sayenta."

Ɗana, kwantar da hankalinka, ciyawar ba ta mutu ba, kuma da alama ba hannunka ba ne. Tsugunna ka tsinko ganye ɗaya ka kalli bakinsa. In ka gan shi a yage da zare-zare kamar bakin tsohon tsumma, wuƙar dukan ciyawa take yi, yagaggen bakin ne ke bushewa ya yi fari. Kai wa maigida ganyen ya gani da idonsa. Da an wasa wuƙa, yanka ɗaya ko biyu farin zai tafi.

Yadda za ka yi: kashe inji, zare makulli, cire wayar filogi. Tokare wuƙar da guntun katako ka kwance notin, ka yi mata alama a gefen da ke kallon ƙasa don kada ka mayar da ita a kife, kuskuren da ake yawan yi. A wasa ta bisa karkatar da ta zo da ita, wajen digiri 30, ba sai ta kai kaifin askar wanzami ba. In da giranda ne a riƙa tsoma ta a ruwa, don in bakin ya yi shuɗi ƙarfen ya saki. Daga nan rataye ta a ƙusa ta ramin tsakiya. Gefen da ya rinjaya a ƙara rage shi har ta tsaya daidai. Ana cewa a wasa duk bayan aikin awa 25, amma a ƙasarmu mai rairayi ka duba ta tun a awa 10.

Sai dai zancen "wata ɗaya da sayenta" shi ne ya tsaya min, kuma a nan zan ɗan daɗe, masu gida su saurara. Mutum zai kashe miliyoyi ya sayi tarakta, ran da wuƙa ta ƙare sai ya aiki yaro da canjin aljihu ya ce a samo mai araha. Mai arahar nan iri biyu ce. Akwai wadda aka buga da ƙarfe mai laushi aka shafa mata baƙin fenti, sati biyu ta dakushe. Akwai kuma wadda ta fi ta haɗari, wadda mai walda ya yanko daga sifirin mota ya huda mata rami. Wuƙar asali an gasa ƙarfenta yadda in ta daki dutse za ta lanƙwashe. Ta sifirin tana iya tsagewa, guntun kuma ba ya tambayar wa ke tsaye a gefe. Ko ba ta karye ba, nauyinta ba daidai yake ba, girgizarta za ta cinye boris ɗin da take juyawa a kai, ta tsaga kasko. A nan ne za a biya kuɗin wuƙar asali sau biyar. Araha dai ba ta ado.

Haka bel. Na fankar mota ko na injin niƙa ba zai zauna a madadin na tarakta ba ko da tsawonsu ya zo ɗaya, don na tarakta an saƙa shi ya jure lanƙwasa ta baya da kamawa da saki. Wancan zai riƙa sulɓewa, inji na ihu a kan zomo amma wuƙa na juyi a kasale, kai kuma kana ta rage giya kana mamakin abin da ya hana yankan kyau. In ka ji warin roba ko ƙara mai tsini lokacin da ka shiga ciyawa mai kauri, shi ne. Baƙin mai na awo da ake tsiyayowa daga durom a bakin titi, da fetur ɗin 'yan bumburutu da ya kwana a galan cikin ƙura, su ma na cikin lissafin. A sayi SAE 30 mai hatimi a wurin da za a iya komawa, a canza duk awa 50, a kakkaɓe matatar iska duk ranar aiki in hunturu ya shigo.

Da za ka kasuwa, tafi da tsohuwar wuƙar da lambarta. John Deere ce ko Husqvarna, kowace wuƙa da kowane bel na da lamba a littafi ko a jikinsu. Ɗora sabuwar kan tsohuwar ka dubi tsawo, kauri da siffar ramin tsakiya, don wani zagaye ne, wani tauraro. In mai shago ya ce "duk ɗaya ne, za ta shiga", ka yi masa sallama.

"Na yi tafiya sati uku a Agusta, na tarar ciyawa ta kai gwiwa. Tarakta na shiga sai ta mutu." Wata Hajiya daga Gawon Nama.

Hajiya, lafiyarta lau, lomar ce ta fi bakinta. A jira raɓa ta bushe, kamar da hantsi, don jiƙaƙƙiyar ciyawa na cushe kasko. A bi filin a tsince duwatsu da waya. A ɗaga kaskon har ƙarshe, giya ta ɗaya ko ta biyu, a ci rabin faɗin kasko kawai a kowane layi. A kwashe abin da aka yanka, masu tumaki za su yi godiya muddin ba a fesa magani ba. Bayan kwana uku a sauke mataki ɗaya a sake bi ta wata fuskar. Kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawon ciyawa a yanka ɗaya in an dawo daidai. Kiri-kiri tana son santimita 3 zuwa 5, a bazara a bar ta a 5 don ta yi wa saiwarta inuwa.

"Za ta yi min huɗa a fadama in damina ta wuce?" Daga Kwalkwalawa.

Sunan tarakta ne ya ruɗe ka. Nemi garmar shanu ko injin huɗa na hannu.

"Filina ƙafa 100 da 100 ne, gini ya ci rabi. Na ga tokumbo guda biyu, mai giya da marar giya. Wacce zan ɗauka?" Wani Alhaji daga Bado.

Alhaji, ko ɗaya. Abin da ya rage maka bai kai murabba'in mita 500 ba, injin turawa zai gama shi cikin rabin awa, tarakta kuwa kwana kawai za ta yi ta sha tsakanin bishiyar darbejiya da katanga. Sai fili ya haura murabba'in mita 2,000 take fara biyan kuɗinta.

Ga masu babban fili da ke da wannan tambaya: marar giyar da matsin mai take tafiya, feda ɗaya kake takawa ka ƙara ko ka rage yadda kake so, ta fi daɗi inda bishiyoyi suka yi yawa. Amma ƙafar yaro na nauyi a kan feda ba tare da ya sani ba, kuma in akwatin tafiyarta ya gaji, samun mai gyara da kayan gyara a nan aiki ne. Mai giya ta fi sauƙin sha'ani, ka ce masa ta uku, ka ga ta uku. In tokumbo ce kada a yarda da tayar da inji na minti biyu a gaban shago. A yanka ciyawa da ita na minti 20 har ta ɗau zafi, sannan a hau ɗan tudu, don marar giya mai rauni sai ta yi zafi take sanyin jiki. A leƙa ƙarƙashin kasko a nemi tsatsa da walda, a kama wuƙa a jijjiga sama da ƙasa inji a kashe, in tana motsi boris ya tafi. A ɗaga jiki daga kujera wuƙa na aiki, injin ya kamata ya mutu nan take. In bai mutu ba an tsinke wayar kariya, sai a sa gyaranta cikin ciniki kafin a biya.