Amsa ga ɗana game da ajiyar da ba a taɓawa

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyalinka, saƙonka ya iso, na kuma karanta shi ina murmushi, ko da yake wani abu a cikinsa ya tsaya mini a rai. Ka tambaye ni dalilin da ya sa kakanninka suke ware wani kaso na abincin gida su rufe, ba a taɓa shi sai sabo ya shigo, kana son ka san ko camfi ne ko tsoron talauci. Sa'an nan ka ce labarin harajin da manyan ƙasashe suke ɗora wa kayan juna, da na jiragen ruwan da suke maƙalewa a hanya, ya tayar maka da hankali, har kana tunanin kwashe abin da ka tara ka sayi kayan shekara guda a rana ɗaya. Abin dariyar shi ne, kai da kake yi wa ɗakin ajiyar kakarka ba'a kana yaro, yau kai ne kake tambayar abin da ke cikinsa. Abin da ya dame ni kuwa shi ne maganar nan ta rana ɗaya.

Tsoron naka yana da tushe. A watan Maris na 2021 jirgin ruwa guda ɗaya mai suna Ever Given, mai tsawon mita 400, ya gitta a mashigin Suwez ya toshe shi kwana shida, jirage fiye da 400 suka yi cirko-cirko suna jira. Wannan mashigin kuwa ya taɓa zama a rufe tun daga 1967 har 1975 saboda yaƙi, muna jin labarinsa a rediyo. A 2022 yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukren, ƙasashe biyu da suke fitar da fiye da kashi ɗaya bisa huɗu na alkamar da ake sayarwa a kasuwar duniya, sai farashin gari da na takin zamani ya tashi a wuraren da ba su taɓa jin ƙarar bindigar ba. A watan Yuli na 2023 kuma Indiya, wadda ta fi kowace ƙasa fitar da shinkafa, ta hana fitar da wani babban kaso na farar shinkafarta domin ta kare mutanenta. Abin da ya sa irin wannan yake isowa gida da sauri shi ne manyan kamfanoni sun daina tara kaya a sito, sun koma tsarin da kamfanin Toyota ya shahara da shi, inda kaya suke isowa daidai lokacin da ake bukatarsu. Tsarin yana rage kashe kuɗi matuƙar hanya a buɗe take, amma ran da ta toshe babu abin da za a koma kansa. Ku ma magidantan yanzu kun ɗauki wannan tsari ba tare da kun sani ba, abin da za a dafa da dare da yamma ake sayo shi.

Ina saurayi, ban kai ga aure ba, aka yi wata damina mai ƙarfi har ruwa ya cinye gadar da manyan motoci suke bi su kawo mana kaya. Da farko ba wanda ya damu, domin hatsi yana nan a gidaje. Abin da ya fara yankewa shi ne gishiri, sai kananzir, sai ashana, sai sabulu, wato ƙananan abubuwan da ba wanda yake lissafa su cikin dukiya. Kakarka, Allah ya jiƙanta, tana da wani mabuɗi ɗaure a bakin zaninta, kuma ranar da ta tabbata gyaran gadar ba na nan kusa ba ne, bayan sallar asuba ta kira ni in riƙe mata fitila, ta buɗe ɗakin nan. Na ga gishiri a tulu an liƙe bakinsa, an ɗora shi a kan katako don kada ya sha danshin ƙasa. Na ga ashana a gwangwani an naɗe ta da tsumma, da sabulu da aka yanka gunduwa-gunduwa aka bar shi ya bushe ya yi tauri, domin busasshen sabulu ba ya saurin narkewa a hannu, ga allura da zare da lagwanin fitila. Kananzir kuwa yana can wani wuri dabam, nesa da abinci da wuta.

Ba ta ɗauki komai ba sai da ta zauna a bakin ƙofa ta lissafa bakunan da ke cikin gidan, har da almajirin da yake kwana a zaure, ta auna abin da ke akwai, sa'an nan ta rage awon girki kaɗan tun daga wannan rana, ragin da ba wanda ya ji shi a cikinsa. Da na ce mata ai akwai da yawa, sai ta ce wanda ya rage awo tun tulu yana cike ba ya ganin gindinsa. Ta hana ƙyasta ashana, da dare sai ta binne garwashi cikin toka, da safe ta tona ta hura, yaran maƙwabta su zo da tsingaro su ɗebi wuta. Bayan 'yan makonni injin niƙa ya tsaya saboda rashin mai, nan ne gari ya san an shiga wani hali, domin ga hatsi a rumbu amma babu gari a tukunya.

Akwai wani attajiri maƙwabcinmu wanda bai saba ajiye komai ba, domin yana ganin duk abin da yake so kuɗinsa za su kawo masa. Wata rana bayan isha ya yi sallama da kakanka, ya daɗe yana kewaye-kewaye kafin ya fito da kuɗi ya ce a sayar masa da gishiri. Kakanka ya mayar masa da kuɗinsa cikin aljihu da hannunsa, ya sa aka auno masa, kuma ba a sake tayar da maganar ba. Ashe a bayan gidan mutumin akwai tsohon dutsen niƙa na mahaifiyarsa da aka yar a gindin katanga. Aka ɗauko shi aka wanke, tsohuwar ta zauna a tabarma tana nuna wa 'yan mata yadda ake riƙe ɗan dutsen da yadda ake zuba hatsin kaɗan-kaɗan, kuma a kan wannan dutse unguwarmu ta ci abinci har motoci suka dawo. Da na tambayi kakanka don me ya ƙi karɓar kuɗin alhali mu ma muna ragin awo, cewa ya yi hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

To, ka ga ba camfi a ciki. In an tambayi kakanka dalilin ajiyar, yakan ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, ya kuma tuna mana shawarar Annabi Yusuf, alaihis salam, ga mutanen Masar, cewa su bar abin da suka girbe a zangarniyarsa sai kaɗan da za su ci. Abin da ku yara ba ku lura da shi ba shi ne ajiyar tana juyawa: sabo yana shigowa sai a buɗe tsohon a ci, a rufe sabon a madadinsa, saboda haka ba a taɓa samun wanda ya wuce shekara. Ba a rufe hatsi sai ya bushe ƙayau, kakarka takan ciza ƙwaya ɗaya ta ji ta ce ƙas, masana kuma suna cewa danshinsa kada ya wuce wajen kashi 13 cikin 100. In aka zuba shi a mazubin da iska ba ta shiga, ƙwarin da ke ciki su da kansu suke cinye iskar su mutu, ba sai an zuba magani ba.

Shi ya sa nake ce maka ka janye maganar saye a rana ɗaya. Ba a fafe gora ranar tafiya, in ji manya, kuma wanda ya ruga kasuwa cikin firgita yakan sayi abin da gidansa ba ya ci, a farashin da tsoro ya yanka, ya zuba a ɗakin da bai shirya ba, rabi ya lalace. A 2020, lokacin annobar korona, kantuna a Turai da Amurka sun zama wayam cikin 'yan kwanaki, a wurare da dama ba don kayan sun ƙare a masana'anta ba, sai don kowa ya zo saye lokaci guda. Ban da haka, in ka zuba duk kuɗinka a buhuna, ran da ciwo ya shigo gida da me za ka je asibiti? Tanadin da ke ɗorewa shi ne wanda ake ƙarawa kaɗan-kaɗan a kan cefanen da aka saba. Ka kuma kiyaye, tanadin abin da iyali za su ci dabam ne da ɓoye kaya don a jira tsadarsu, na biyun nan addini ya hana shi.

Har hukumomi ma sun san wannan. Jamus ta daɗe tana shawartar magidanta su ajiye abinci da abin sha na kwana goma, Suwizalan kuma ta wajabta wa masu shigo da kaya su riƙe ajiyar 'yan watanni ta abubuwa irin su shinkafa, sukari da man fetur. Sai dai na lura a lissafinka ba ka ambaci ruwa ba ko sau ɗaya. Ma'aunin da masu aikin agaji suke bi shi ne lita 15 ga mutum ɗaya a rana don sha da girki da tsafta, ka ga gida mai mutum biyar yana bukatar lita 75 kullum, kuma famfo yana tsayawa ne a ranar da wutar lantarki ko man injin ya yanke.

Abin da ya fi ba ni takaici da ku shi ne hannuwanku. Riga ta yage sai a yar, fitila ta lalace sai a sayo wata, kuɗi duka suna cikin waya, ran da intanet ya ɗauke mutum ya rasa na sayen ruwan sha. Ga fili a bayan gida an shafe shi da siminti, inda da an bar ɗan wuri da an shuka ganyen miya an kuma ajiye kaji biyu. Na san a cikinku akwai wanda zai shekara a gida bai san sunan wanda suke katanga ɗaya ba, alhali shi ne zai fara ƙwanƙwasa wa ƙofa in hanya ta yanke. Laifin ba naku ne ku kaɗai ba, zamani ne ya sauƙaƙa saye har aka manta da gyara.

Maganar ajiyar wata nawa ya kamata ka yi kuwa, mu bar ta sai ka zo. Kafin nan ka roƙi maiɗakinka ta rubuta duk abin da gidanku yake cinyewa cikin wata guda, tun daga hatsi har ashana da sabulu, ka haɗa da sunayen magungunan da wani a gidan yake sha kullum da ranar da wa'adinsu yake ƙarewa, ka taho mini da takardar. Ka gaishe ta, ka gaida yaran.