Tambayi Likitan Dabbobi: Ɓeran Masar ɗin yarona ya makance, ya zan yi da shi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita, dan Allah shawara nake nema. Yarona ɗan shekara 11 yana da ɓeran Masar guda biyu da kawunsa ya saya masa, yanzu shekararsu huɗu a gidan nan, to ɗayan tun bayan ƙaramar sallah naga idonsa ya fara yin fari-fari kamar an ɗiga madara, yanzu duka biyun sun rufe, in an miƙa masa ganye sai ya ta shinshine-shinshine kafin ya samu, jiya ma karo ya yi da kwanon ruwa. Babansu yace a yar dashi kawai a sayo wani tunda ba tsada gare su ba, shi kuma yaron kuka yake har abinci ya ƙi ci. Ni dai duka tausayi suke bani. Zai iya rayuwa a haka? Sannan akwai ragowar Ampiclox a gida, in jiƙa masa? Daga wata uwa a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya saka da wannan tausayi. Bari in fara da ta ƙarshen dan ita ta fi tayar min da hankali: kar ki ba shi Ampiclox, ko ɗigo ɗaya. Duk maganin da yake dangin fenisilin, har da Amoxil, kashe ƙwayoyin halitta masu amfani da ke hanjin ɓeran Masar yake yi, sai zawo ya sarƙe shi, cikin 'yan kwanaki ki wayi gari ya mutu. Makantar ba za ta kashe shi ba, wannan kafso ɗin kuwa zai iya.

Rayuwa kam zai yi, lafiya lau ma. Kinga wannan dabbar dama can ba da ido take harkarta sosai ba, hanci ne da kunne da gashin bakin nan dogaye da take laluben hanya da su. Asalinta ma ba Masar ba ne duk da sunan da muka laƙa mata, daga tsaunukan Andes take a Kudancin Amurka, wajen su Peru da Bolibiya, inda danginta na daji ke bin 'yan hanyoyinsu a ƙarƙashin ciyawa, sun haddace su tsaf. Yawanci suna kai shekara 5 zuwa 7, kenan naku ya fara manyanta, kuma yadda kika kwatanta fari a hankali a ido biyu ya fi kama da yanar ido, irin dai ta tsofaffinmu, ba ta ciwo.

Amma ni ban ga idon ba, dan haka ki daure ki kai shi asibitin dabbobi, ku a Zariya ma kun huta tunda akwai na koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello. Dalili, wani lokacin tsinken ciyawa ne ke tsokane idon ya yi gyambo, shima fari yake yi, bambancin shi wannan yana sa ƙanƙance ido da hawaye da kwantsa kuma galibi ido ɗaya ne, akwai wani ruwa mai kala da ake ɗigawa a ga ciwon nan take. Kar ki saka masa maganin idon mutane daga kemis, wasu na ɗauke da sinadarin da ke ƙara zurfafa gyambon. In kuma kin lura yana ɗirkar ruwa ba ƙaƙƙautawa, fitsari ya yi yawa, yana ramewa, ki faɗa wa likitan ya duba ciwon suga, shima yana kawo yanar ido.

To sai zaman gida. Abu ɗaya zan roƙe ki ki riƙe: kar a riƙa canza masa tsarin keji. Kwanon abinci inda yake jiya nan zai kasance gobe, ruwa haka, ɗan akurkin da yake ɓuya haka, ko an yi shara an canza shimfiɗa a mayar da komai mazauninsa, shi taswirar ɗakin a kansa take, kina matsar da kwano ɗaya kin ɓatar da shi. In kejin mai hawa biyu ne a rufe saman, in a kan tebur yake a sauko dashi, kuma a bi a cire duk wata waya ko ƙusa da ta leƙo daidai fuskarsa. Yaron ya koyi yi masa magana kafin ya taɓa shi, ya bari ya shinshini hannunsa tukuna sannan ya ɗauka da hannu biyu, ɗaya a ƙirji ɗaya a ƙugu, dan in hannu ya sauko masa kwatsam daga sama ji zai yi kamar shaho ne. Kuma kar a raba shi da ɗan uwansa, ba sa son kaɗaici, za ki ga yana bin sautinsa da warinsa har wajen abinci. Ki dai sa ido kar mai idon ya riƙa cinye rabon makahon, in haka ne kwano biyu.

Abinci kuwa ciyawa ce kan gaba kullum, ɗanya ko busasshiya mai tsabta, saboda haƙoransu ba sa daina tsiro, tauna ce ke rage su. Dusa kaɗai ba ta isa ba, nasan da yawa ita muke zuba musu mu juya baya. Jikinsu kamar namu ne baya haɗa bitamin C da kansa, sai a ba shi ɗan yankan tattasai mara yaji kullum, ko ɗan gwaba jefi-jefi. Albasa da tafarnuwa da dankalin Turawa a'a.

Zafin Maris da Afrilu ma ki yi hattara dashi, da zafi ya haura digiri 28 sun fara galabaita, shi kuma ba ya ganin inda inuwa take balle ya gudu can. A ɗauke kejin daga ƙarƙashin rufin kwano ko inda rana ke bugawa, a naɗe gorar ruwan sanyi da tsumma a ajiye masa ya jingina. Tsakar gida kuma kar a sake shi sai da mutum a tsaye, mage ba ta da imani.

Shi kuma Maigida a lallaɓa shi, in aka yar da wannan a bola ko dare ɗaya ba lallai ya kai ba. Ki ba yaron aikin: duk Juma'a ya ɗora shi a sikelin kicin ya rubuta a littafi, babba yakan kai giram 700 zuwa 1,200, in nauyin na ta sauka sati bayan sati, ko ya wuni cur bai ci komai ba, ranar za a kai shi asibiti, kar a ce sai gobe.