Ga ƙanena mai son zuwa Amurka aikin famfon ninƙaya

Ƙanena, saƙonka na uku ya iso. Ka ce ka ga hotona a bakin tafkin ninƙaya na wani gida, ka shekara shida kana wayarin, kuma ai famfo famfo ne, in nemo maka hanya ka zo mu yi tare. Ka ƙara da cewa ka karanta yadda ake haɗa taima, wato agogon da ke kunna famfo da kashe shi a kan lokaci, da famfo mai gudu biyu, ba wani abu ba ne. Wannan maganar ta ƙarshe ce ta sa na zauna rubuta maka da tsawo, domin a kan wannan haɗin na ƙona injin mutane a shekarata ta farko a Texas.

Wutar nan daban take da wadda hannunka ya saba. Kai ka san waya ɗaya mai wuta, ɗaya nutural. A nan wutar volt 240 da ke zuwa famfo wayoyi biyu ne, kowace ɗauke da 120. Idan makunni ya yanke ɗaya kawai, inji zai tsaya cak, ka ɗauka komai ya mutu, alhali ɗayar tana jiran yatsanka, kana tsaye a kan jiƙaƙƙen siminti. Kashe bireka, ka sa mita a kan kowace waya, sannan ka taɓa.

Injin yana juyi 3,450 a minti a babban gudu, 1,725 a ƙarami. In aka rage gudu da rabi, a lissafi wutar da famfo ke ci tana sauka zuwa kusan kashi ɗaya cikin takwas, shi ya sa ake barinsa a ƙarami yawancin yini. A bayansa bakin waya uku ne: na gamayya, na babban gudu, na ƙarami. Agogo biyu ake sawa. A gidajen da na fi shiga, na Intermatic ne masu rawayar fuska. T104 shi ke kunnawa da kashewa, yana yanke wayoyin biyu tare. Daga gare shi waya ɗaya ta wuce kai tsaye zuwa bakin gamayya, ɗayar ta shiga T106, wanda aikinsa irin na cenji-oba ne: ko dai ya ba babban gudu, ko ya ba ƙarami, ba ya taɓa ba su tare. Duk sirrin yana nan.

Ni ranar da na ƙona injin nan, babu T106 a motar aiki. Na kira ubangidana sau huɗu bai ɗauka ba, mai gida kuma yana tsaye a kaina. Sai na sa agogon kunnawa guda biyu, ɗaya wa kowane gudu, na saita ƙarami ya tsaya ƙarfe goma sha biyu, babba ya tashi bayansa kaɗan. Ya yi kwanaki lafiya lau. Sai ɗan ƙarfen da ake ɗaurewa a gefen fuskar agogon, wanda ke ture makunni in lokaci ya yi, ya kwance ya zame. Wuta ta shiga kwayil biyu na injin, wato naɗin wayar babban gudu da na ƙarami, a lokaci guda. Da na buɗe bayan injin, warin ƙonannen fenti ya buge ni, wayar tagullar ta koma baƙa ƙirin. Laifina ne, ban musa ba. Abin da har yau yake min zafi shi ne, mutumin da ya tura ni ni kaɗai ba tare da ya taɓa nuna min haɗin ba, ya cire kuɗin injin daga albashina, kuma a gaban mai gida ya tambaye ni ko ƙasar da na fito ma akwai lantarki. Na haɗiye, saboda a lokacin ba ni da wani wurin zuwa.

Yanzu in aka kira ni taima ta ƙi aiki, nakan fara leƙa 'yar tagar da ke jikin agogon in ga ko haƙoran ciki suna juyawa. In suna juyawa amma famfo bai tashi a kan lokaci ba, yawanci ƙarafan nan ne suka yi sako-sako, ko an ɗauke wuta agogo ya yi baya. In za a gyara lokacin, fuskar ake jawowa a juya, ba a taɓa allurar. Akwai kuskuren da na samu a gidaje da yawa: an ciyar da injin agogon T106 daga wutar da ke fita bayan T104. Duk sanda famfo ya mutu shi ma ya tsaya, kullum lokacinsa na ƙara karkacewa, mai gida na rantsuwa agogon ya lalace. Dole agogunan duka biyun su sha daga wutar da ba ta yankewa. In injin famfo na gurnani bai juya ba, duba kafasita, 'yar na'urar da ke taimaka masa ya tashi. Cinnaka ma kan shiga tsakanin bakin makunni su mutu a wurin, su hana wuta wucewa.

Ƙaramin gudu kuma yana da halinsa. Sau da yawa ba ya iya jawo ruwa in iska ta shiga bututu, don haka ka saita famfo ya tashi da babban gudu tukuna. Hita mai ɗumama ruwan tafkin ma takan ƙi kamawa a ƙarami, saboda matsin ruwan bai kai ba. Mutum ya kwance hita gaba ɗaya yana neman cuta, ashe agogo ne ya sauya gudu.

Abin da ban yarda kowa ya yi wasa da shi a gabana ba shi ne kariya. Dokar lantarki ta ƙasar ta ware sashe na 680 don wuraren ninƙaya da makamantansu. Akwai bireka mai suna GFCI da ke yanke wuta in kusan miliyamfa 5 ta zurare, akwai kuma wayar tagulla tsirara mai lamba 8 da ke ɗaure injin da sauran ƙarafan tafkin. Na sha samunta a tsinke tana lilo, an canja inji an manta da ita, yara kuma suna cikin ruwa.

To, batun zuwa. Bizar ziyara ba ta ba ka damar aiki, kuma ba zan ɗauke ka a ɓoye in jefa mu duka cikin masifa ba. Lasisi kowace jiha da nata. A Texas, cikakken ma'aikacin lantarki sai ya tara awa 8,000 a ƙarƙashin mai lasisi, kusan shekara huɗu, ya kuma ci jarrabawa. Na yi, na ci, yau motar aikina da sunana a jiki, alhamdu lillahi. Amma ka sani, tun 19 ga Yuli 2021 dokar ma'aikatar makamashi ta sa yawancin sababbin famfuna masu ƙarfi sun koma masu sauya gudu da kansu, da agogonsu a jiki. Mai gudu biyu yawanci a tsofaffin gidaje ake samunsa yanzu.

In da gaske kake, zana min haɗin nan da hannunka a takarda, tun daga bireka har bakin inji, ka nuna inda kowane agogo ke shan wuta, ka turo min hoton. In na duba shi, sai mu yi maganar makarantar da za ka nema.