Haruffa uku nake gani, kwamfuta tana cewa biyar: ya ake adana rubutun Kannada?

Tambaya: Salam Malam, ina karatun kwamfuta a Bengaluru, jihar Karnataka ta Indiya. Na rubuta sunan yarensu, ಕನ್ನಡ, wato Kannada, da ido haruffa uku nake gani amma manhajar da na rubuta tana cewa 5, fayil ɗin kuma bayit 15 (bayit shi ne ma'aunin girman fayil). Kuskure na yi ko ya abin yake?

Amsa: Wa alaikassalam. Babu kuskure ɗan'uwa, manhajarka gaskiya ta faɗa maka.

Kwamfuta ba ta ajiye hoton harafi, lamba kawai take ajiyewa, kuma tsarin Unicode ne ke raba lambobin nan. An ware wa Kannada gurbi 128, daga U+0C80 zuwa U+0CFF, tun fitowar Unicode ta farko a 1991, sun ɗauko jerin ne daga ISCII, tsohon tsarin da Indiya ta yi wa rubuce-rubucenta. Shi ya sa harafin "ka" na Kannada, ಕ, yake U+0C95, na Telugu U+0C15, na Devanagari U+0915, duk matsayi ɗaya suke a gidajensu.

To ga inda rigimar take. A rubutunsu kowane baƙi yana tafe da wasalin "a" a cikinsa, ಕ shi kaɗai "ka" ake karanta shi. In kana son "ki" sai ka bi shi da alamar wasali U+0CBF ya koma ಕಿ, ido na ganin abu ɗaya amma lambobi biyu ne. In kuma kana son kashe wasalin gaba ɗaya akwai alamar da suke kira birama, U+0CCD, aikinta kamar ɗauri ne a Larabci. Kalmarka sai ta zama ka, na, birama, na, sannan ಡ na ƙarshe, biyar kenan. Wancan ɗan ƙaramin abin da ka gani a ƙasan harafin tsakiya shi ne harafin "na" na biyu, babu wata lamba ta musamman da aka ba shi, font (wato tarin siffofin haruffa) ne da injin da ke jera haruffa, irin su HarfBuzz, suke ganin baƙi da birama da baƙi a jere sai su mayar da na biyun ƙarami su rataya shi a ƙasa, to kaga abin da aka adana daban, abin da aka zana a allo daban.

Batun bayit 15 kuwa lissafi ne kawai. A UTF-8, wato tsarin da ake mayar da lambobin Unicode zuwa bayit a cikin fayil, duk harafin Kannada bayit uku yake ci, ಕ misali E0 B2 95 ne, 5 sau 3 shikenan. Namu ƙ, ɗ da ɓ bayit bibbiyu suke ci, a da b kuma ɗaiɗai.

Shawarata, in malaminku abin da ido ke gani yake so ku ƙirga, kar ka ƙirga lambobi, nemi laburare, wato shiryayyen kayan aikin manhaja, da ke raba rubutu gungu-gungu kamar ICU, amma ka gwada da kalmarka tukun, don da yawansu kan raba a wajen birama su ba ka 4. Kuma kar ka kuskura ka yanke rubutu ta bayit, za ka datse harafi a tsakiya ya koma shirme.

In wata rana ka buɗe fayil ka ga akwatuna zalla, rubutun lafiyarsa ƙalau, font ne babu, saka Noto Sans Kannada. Amma in tarkacen haruffan boko ka gani masu ɗigo-ɗigo a kai, ko dai an buɗe shi ba da UTF-8 ba, ko kuma da tsohon font irin na Nudi ko Baraha aka buga shi, waɗanda ke ɗora siffar Kannada a kan lambobin boko. Wannan sai an juya shi zuwa Unicode kafin ka ƙirga komai.